Wutar Likita da Hukuncin Al'ada: Gwajin Na'urar Tiyata ta Lantarki a Mahangar Tawakkali da Lamuni

Daga cikin tambayoyin da likitancin zamani ya sake ɗagowa, bayan malaman tauhidi da na fiƙihu sun daɗe da tattauna asalinsu, akwai tambayar matsayin kayan aikin da ake yi wa marar lafiya magani da shi: shin riƙo da sababi yana cika da zarar an samo kayan aikin an damƙa shi ga gwani, ko kuwa sai an ci gaba da bincikar kayan aikin kansa lokaci bayan lokaci kafin a ce an sauke nauyi? Tambayar ta fi tsanani a kan na'urar tiyata ta lantarki, wadda ma'aikatan ɗakin tiyata suke kira dayatami, domin aikinta na yau da kullum shi ne ƙona naman mutum da gangan, a wurin da likita ya nufa kuma da gwargwadon da ya nufa, ta yadda abin da ya raba magani da cuta a cikinta bai wuce wuri da adadi ba. Idan zafin ya sauka a bakin jijiyar da ke zubar da jini, an ceci rai. Idan kuwa irin wannan zafin ya sauka a cinya ko a gadon baya, inda idon kowa ba ya kai a ƙarƙashin mayafin tiyata, an yi wa mutumin da ke cikin barcin allura rauni alhali ba shi da ikon yin ko da motsi.

Fahimtar mas'alar tana buƙatar sanin yadda na'urar take aiki. Lantarkin da ke zuwa gidaje a Najeriya da Nijar yana juya alkiblarsa ya dawo sau 50 a cikin sakan guda, kuma a wannan yawan juyi ne yake fizgar tsoka ya hargitsa bugun zuciya, wanda shi ne dalilin da ya sa yake kisa. A shekarar 1891 masanin Faransa Jacques-Arsène d'Arsonval ya nuna cewa idan juyin ya haura dubu goma a sakan, jiki yakan daina jin wannan fizgar, sai zafi kawai ya rage. Na'urar dayatami tana karɓar lantarkin bango ta mai da shi mai juyi ɗaruruwan dubbai a sakan, galibi tsakanin 300,000 da 500,000, sannan ta tura shi ta wani siririn ƙarfe da likita ke riƙewa kamar alƙalami. A salon aiki da ya fi yawa, lantarkin yana shiga jiki ta tsinin wannan ƙarfe, ya ratsa marar lafiya, ya fita ta wani faffaɗan faranti da aka manna masa a cinya ko wani wuri mai tsoka, ya koma cikin na'urar. Lantarkin da ya shiga shi ne wanda ya fita, amma a wurin shiga an tattara shi a kan tsini, a wurin fita kuwa an baza shi a kan fili, kamar yadda ƙarfin da zai sa allura ta huda fata ba zai yi komai ba idan da tafin hannu aka danna. Nama yakan fara lalacewa idan zafinsa ya wuce digiri 45 ya jima a haka, yakan daskare ya toshe ƙananan jijiyoyi a wajen digiri 60, a digiri 100 kuma ruwan da ke cikin ƙwayoyinsa ya tafasa su fashe, wanda shi ne yankan da ake gani. Daga nan ake gane inda haɗarin yake: idan farantin ya ɗaye har ya rage ɗan gefe kawai ke taɓa fata, ko kuma lantarkin ya sami wata ƙaramar hanyar fita ta daban, to wurin fitar ya zama tsini na biyu, ya yi irin aikin da na farko yake yi.

Na'urar ta sami karɓuwa ne ta hannun William Bovie, masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard, da likitan ƙwaƙwalwa Harvey Cushing, wanda ya yi amfani da ita a ranar 1 ga Oktoba, 1926, a asibitin Peter Bent Brigham da ke Boston ta Amurka, wajen cire wani ƙari daga kan marar lafiya bayan zubar jini ta hana shi kammala aikin a yunƙurin farko. Tsayar da jini da zafi kuwa ya girme ta da ƙarnuka masu yawa, kuma Hausawa sun san danginsa a lalas da sakiya, duk da cewa akwai bambanci na asali, tunda a lalas ƙarfen ne ke ɗauke da zafin, a dayatami kuwa naman ne ke yin zafi da kansa saboda lantarkin da ke ratsa shi.

Hadisai sun zo a kan lalas ta fuskoki da suka yi kama da masu karo da juna. An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Sa'adu ɗan Mu'azu lalas a raunin da ya samu a yaƙin Handaƙ, kuma ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu likitan da ya yi masa irin wannan. An kuma ruwaito cewa ya nuna rashin sonsa, ya hana shi, ya yabi waɗanda ba sa nemansa saboda tawakkalinsu. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya tattara waɗannan fuskoki huɗu ya nuna cewa aikatawar tana nuna halasci, sauran kuma suna nuna cewa bari ya fi idan babu buƙata. Amma bayanin da ya fi haskaka mas'alar da ake ciki shi ne na Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, a babin tauhidi da tawakkali na littafinsa Ihya'u. Ya kasa sabubban gusar da cuta gida uku: wanda aka tabbatar da amfaninsa, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda barinsa ba tawakkali ba ne, haramun ne ma idan ana tsoron mutuwa; wanda ake da rinjayen zato a kansa, kamar ƙaho da shan magani, wanda aikata shi ba ya rushe tawakkali; da kuma wanda amfaninsa wahami ne, wato tsammani marar ƙarfi, kuma a nan ne ya sanya lalas. Dalilinsa shi ne cewa lalas ƙuna ce da ke ɓata jiki nan take, ana tsoron ɓarnarta ta zarce inda aka nufa, alhali akwai wasu magunguna da za su wadatar.

Abin lura shi ne cewa al-Gazali bai sanya lalas a wannan matsayi domin wuta ƙazanta ce ko domin wani sirri na ibada ba; ya sanya shi can ne saboda siffofin da ake iya dubawa, wato raunin tabbaci game da amfani da kuma tsoron zarcewar ɓarna. Kusan ƙarni guda kafinsa, Abul Ƙasim az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a wajejen 1013 kuma ya buɗe sashen tiyata na littafinsa at-Tasrif da fasali 56 a kan lalas, ya fifita baƙin ƙarfe a kan zinariya duk da yabon da magabatansa suka yi mata, kuma hujjarsa ita ce likita ba ya iya gane gwargwadon zafin zinariya daga launinta, tana saurin hucewa, idan aka ƙara mata wuta kuma ta narke. Likitan da malamin, kowa ta ƙofarsa, sun tsaya a kan abu guda: wutar da ba a san adadinta ba abar zargi ce. Idan haka ne, to abin da ya fitar da wutar ɗakin tiyata daga sahun wahami ya kai ta sahun rinjayen zato, har wani lokaci kusa da tabbaci, shi ne cewa ta zama abin aunawa, likita ya murɗa lamba 30 yana da dalilin gaskata cewa wat 30 ne ke fita, kuma lantarkin zai koma ta inda aka tanadar masa. Wannan dalilin gaskatawa kuwa ba ya zaune a jikin na'urar har abada, domin kayan cikinta suna tsufa, wayoyinta suna karyewa a cikin rufinsu, ƙura tana toshe mata iska, maɓallin ƙafa yana shan ruwa. Na'urar da ta shekara biyar ba wanda ya auna ta tana iya kasancewa lafiya lau, amma wanda ke aiki da ita ba shi da masaniyar hakan, ya koma matsayin mai riƙe da zinariyar az-Zahrawi.

Gwajin da injiniyan na'urorin asibiti yake yi yana bin ƙa'idojin hukumar IEC, wadda ke tsara ma'aunan lantarki na duniya daga Janiba: lamba 60601-1 ta shafi dukkan na'urorin asibiti, 60601-2-2 ta keɓanta da na'urorin tiyata masu saurin juyi, 62353 kuma, wadda ta fara fitowa a 2007, ta shafi gwajin da ake maimaitawa da wanda ake yi bayan gyara. Masu ƙera na'urorin sukan nemi a yi shi duk wata shida ko duk shekara. Yakan fara da duban ido, a bi waya daga fulogi zuwa jiki, a duba tsagewa da tsatsa da sassautawar mahaɗa. Sai a auna turjiyar wayar ƙasa, wato yawan tirjewar da hanyar ke yi wa lantarki, domin ita ce hanyar da za ta kwashe wuta idan ta taɓa jikin na'urar, kuma ba a yarda ta wuce om 0.3 ba. Sai a auna yoyon lantarki, wato ɗan abin da ke sulalewa ta hanyar da ba a nufa ba, kuma yoyon iri biyu ne: na lantarkin bango, wanda a na'urorin da aka yarda su kusanci zuciya ba a barin sa ya wuce kashi 10 cikin miliyan na amfiya, da na lantarki mai saurin juyi, wanda ake auna shi ta turjiyar om 200 kuma iyakarsa miliamfiya 150 ce. Bayan nan a haɗa na'urar da wata na'urar awo mai kwaikwayon turjiyar nama daban-daban, a ga ko ƙarfin da ke fita ya dace da lambar da ke kan allo, inda ƙa'ida ta yarda da saɓanin da bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba.

Gwajin da ya fi kusa da ran marar lafiya shi ne na ƙararrawar faranti. Na'urorin farko suna mayar da lantarkinsu ta ƙasa, saboda haka duk wani ƙarfe da ya taɓa marar lafiya, ko gefen gado ko ɗan maɓallin na'urar duba zuciya, yana iya zama mafita ya ƙone shi. A ƙarshen shekarun 1960 aka fito da na'urorin da aka raba da'irarsu da ƙasa, a 1981 kuma kamfanin Valleylab ya fito da faranti mai ɓangare biyu, wanda na'urar ke tura ɗan ƙaramin lantarki tsakanin ɓangarorinsa ta cikin fata domin ta san ko yana manne yadda ya kamata. A na'urorin wannan kamfani, idan turjiyar ta fita daga tsakanin om 5 da 135, ko ta ƙaru da kashi 40 cikin ɗari a kan yadda ta fara, sai na'urar ta yi ƙara ta yanke wuta. Mai gwaji yakan ƙara turjiyar da hannunsa kaɗan-kaɗan har ya ga inda ƙararrawar za ta tashi, domin ƙararrawar da ta mutu ba ta sanar da mutuwarta, shirunta daidai yake da shirun lafiya, kuma mutanen da suka saba dogara da ita sun riga sun rage duban da suke yi da idonsu.

A nan ne wani zai iya kawo shubuha daga ɓangaren tauhidi. Mazhabar Ash'ariyya, wadda zaurukan karatu na ƙasar Hausa suka daɗe suna koyarwa ta littattafan Muhammadu ɗan Yusufu as-Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, tana cewa wuta ba ta ƙonawa da ɗabi'arta, Allah ne ke halittar ƙuna a lokacin da ta haɗu da abin ƙonawa, kuma al-Gazali ya kawo misalin wuta da auduga a kan haka, Ibnu Rushdi ya mayar masa da martani cewa musun sabubba yana rushe ilimi. Mai shubuhar zai ce: idan na'urar ba ita ke ƙonawa ba, mene ne amfanin auna ta? Amsar tana cikin mazhabar kanta. As-Sanusi ya kasa hukunci zuwa na hankali da na shari'a da na al'ada, ya bayyana na al'ada da cewa shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu biyu ta hanyar maimaituwa, tare da yiwuwar alaƙar ta saɓa. Ilimin da aka gina a kan maimaituwa kuwa ba shi da wani abinci sai sake dubawa. Wanda ya ɗauka cewa na'ura tana da wata ɗabi'a tabbatacciya da ba ta canzawa shi ne zai iya sayenta ya manta da ita. Wanda aƙidarsa ta koya masa cewa abin da ya sani game da ita tarin gani ne da aka yi a baya, shi ya fi kowa cancantar ya tambayi yaushe aka yi ganin ƙarshe. Injiniyoyi sun iso wannan matsaya ta hanyarsu, domin ƙa'idojinsu sun ginu a kan abin da suke kira halin lalacewa guda, wato a ƙera na'ura ta yadda idan kariya ɗaya ta faɗi ta biyu za ta riƙe, kuma mai gwaji yakan cire wayar ƙasa da gangan ya ga ko yoyon zai tsaya cikin iyaka. Wannan tsari yana aiki ne kawai idan an gano lalacewar farko kafin ta biyu ta zo, kuma ba abin da ke gano ta sai gwaji, tunda na'urar tana ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru.

Na'urar awon ita ma na'ura ce, tana iya karkacewa, shi ya sa ake aika ta, galibi duk shekara, zuwa ɗakin awo da za a gwada ta da wani ma'auni mafi inganci, shi ma an gwada shi da na sama da shi, har a kai ga ma'aunan ƙasa da na duniya. Ɗalibin hadisi zai gane wannan tsari nan da nan, domin isnadi ne: kowane mai ruwaya yana karɓa daga na sama da shi, kuma yankewar mutum guda tana raunana abin da aka ruwaito ko da matanin ya yi kyau. Ƙaramar takardar da ake mannawa a jikin na'ura, mai ɗauke da ranar gwaji da ranar da za a sake da sa hannun mai gwaji, ita ce ƙarshen wannan silsila, kuma a ma'anar fiƙihu shaida ce, tunda likitan da ya gan ta ba shi da lokaci ko kayan da zai tantance abin da ta faɗa. Wannan aiki ba baƙo ba ne a tarihin Musulmi: littattafan hisba, irin na ash-Shaizari a ƙarni na 12 da na Ibnul Uhuwwa a na 14, sun ɗora wa muhtasibi, wato jami'in da ke duba mudu da sikeli a kasuwa, ya duba likitoci da masu ƙaho da masu maganin ido, ya tabbatar suna da kayan aikin da sana'arsu ke buƙata.

Idan ƙuna ta faru, wa zai ɗauki lamuni, wato nauyin biyan abin da aka ɓata? Fiƙihu ya bambanta mai aikatawa da hannu da mai jawo sababi, kuma ƙa'idar ita ce idan sun haɗu hukunci yana hawa kan mai aikatawa da hannu, kamar wanda ya tura mutum cikin rijiyar da wani ya haƙa. Bisa zahirin wannan, likitan da ke riƙe da alƙalamin ne zai ɗauki komai, kuma a kansa ne ma idon dangin marar lafiya yake sauka. Amma malamai sun togace wuraren da sababi ya rinjayi aikatawa, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne shaidun da suka janye shaidarsu bayan an zartar da hukunci, inda lamuni yake komawa kansu, ba kan alƙalin da ya dogara da su ba. Wanda ya manna takardar gwaji bai yi gwajin ba, ko ya ga lamba ta saɓa ya rufe ido, ya fi kama da waɗannan shaidu fiye da mai haƙa rijiya. Mazhabar Malikiyya ta ƙara wani abu da ya dace da aikin kulawa sosai, domin ta yarda cewa bari ma yana jawo lamuni: Halilu ɗan Ishaƙa, a Muhtasar ɗinsa na ƙarni na 14, ya lissafa wanda ya iya kuɓutar da rai ko dukiya ya ƙi, har da wanda yake da zaren da za a ɗinke raunin da ya huda ciki ya hana. Shugaban asibitin da aka kawo wa buƙatar kuɗin gwaji ko na sabbin farantai, kuɗin yana nan ya juya shi wani wajen da bai kai wannan muhimmanci ba, zai yi wuya ya fita daga inuwar wannan mas'ala. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Maskat a 2004, ta bi wannan hanya a ƙudurinta kan lamunin likita, inda ta ɗora wa kowane ɗan tawagar aiki nauyin kuskurensa, ta kuma ɗora wa cibiyar lafiya, ta gwamnati ko mai zaman kanta, nauyin cutar da ta biyo bayan gazawarta ga abin da ya wajaba a kanta.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, fiƙihu yana kare ma'aikacin da ya yi aikinsa, domin ɗan ƙodagon da ya keɓanta da ubangida guda amintacce ne, ba ya lamuni sai da ƙetare iyaka ko sakaci. Injiniyan da ya yi gwaji bisa ƙa'ida a watan Janairu, wani sashe na cikin na'urar ya mutu a watan Afrilu ba tare da wata alama ba, ba shi da laifi, kuma a irin wannan wuri ne ambaton ƙaddara yake zama ta'aziyya ta gaskiya. Malamai sun ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Ta fuskar aƙida, ƙunar da ta biyo bayan sakaci da wadda ta biyo bayan cikakken ƙoƙari duk ƙaddara ce. Abin da ya raba su shi ne wanda ya halatta ya fake da ita. Marar lafiya da danginsa suna da ladar haƙuri a duka biyun, mai sakacin kuwa ba shi da hurumin karɓe musu wannan kalma ya rufe bakin bincike da ita.

Bai kamata kuma a kai gwajin shekara matsayin da bai kai ba. Yawancin ƙunar da ake samu a yau tana fitowa ne daga abubuwan da ke kewaye da na'urar da yadda ake aiki da ita: farantin da aka manna a kan gashi ko ƙashi ko tabo, alƙalamin da aka ajiye a kan marar lafiya wani ya taka maɓalli, sinadarin wanke fata mai ɗauke da alkohol da bai bushe ba ya kama wuta a kusa da iskar oksijin, ko rufin dogon ƙarfen tiyatar madubi da ya tsage a cikin ciki ya ƙona hanji a wajen da madubin ba ya hangowa, ba a gane ba sai bayan kwanaki. Takardar gwaji ba ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan, tana ma iya zama laya ga wanda ya ɗauke ta a matsayin kariya, ya daina dubawar da ta wajaba kafin kowace tiyata. Idan ta zama haka, to ta koma cikin sabubban wahami da aka gudo daga gare su.

Saura mas'alar da ta fi wuya, wato ta asibitin da ba shi da hali. Binciken da Lora Perry da Robert Malkin na Jami'ar Duke suka wallafa a 2011, wanda ya duba na'urori fiye da 112,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, ya sami kusan kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki, kuma manyan dalilan su ne rashin horo da rashin tsarin kulawa da raunin kayan more rayuwa. Na'urar dayatami da aka kawo kyauta ba tare da littafinta ba, a ginin da wayar ƙasarsa ta daɗe da yankewa, ana sauya ta tsakanin wutar gari da janareta a tsakiyar aiki, ana sake amfani da farantin da aka yi shi domin amfani sau ɗaya, abu ne da ma'aikatan lafiya a ƙasashe da dama suka sani. Idan mace mai haihuwa tana zubar da jini da tsakar dare, babu mai hankalin da zai ce likita ya jira injiniya, domin lalura tana halatta abin da aka hana, kuma ana ɗaukar ƙaramar cuta domin kauce wa babba. Sai dai ƙa'idar tana da 'yar uwa da ba a cika ambata ba, wato lalura ana auna ta da gwargwadonta. Rangwamen na likita ne a wannan sa'a, bai shafi wanda ke tsara kasafin kuɗi da rana ba, kuma bai kawar da abin da ake iya yi ba tare da na'urar awo ba: a duba wayoyi da ido, a zare mahaɗin faranti kafin aiki a ji ko ƙararrawa za ta tashi, a fara da mafi ƙarancin ƙarfi, idan kuma aka ga na'urar tana neman a ƙara mata lamba fiye da yadda aka saba, a tsaya a binciki faranti da mahaɗa kafin a ƙara, a yi amfani da hantsaki mai baki biyu wanda lantarkinsa ba ya wuce tsakanin bakunansa a inda hakan zai wadatar. Asibitoci da dama a jiha guda suna iya tarayya a na'urar awo ɗaya da injiniya ɗaya mai zagayawa, kuma tunda al-Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, wato wajiban da idan wasu suka yi sun ɗauke wa saura, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi shi ma wajibi ne, horar da wannan injiniya ya shiga cikin abin da ake tambayar al'umma gaba ɗaya.

Bayan aukuwar ƙuna, abin da ƙa'idar aiki take nema shi ne a keɓe na'urar da alƙalaminta da wayoyinta da farantin da aka yi amfani da shi har da ledarsa, a rubuta lambobin da take kai a lokacin kafin wani ya murɗa su, a kwatanta girman ƙunar da wurinta, sannan a auna na'urar a gwama sakamakon da na gwajinta na baya. A asibitin da ba a taɓa auna ta ba babu abin da za a gwama da shi, kuma idan an jefar da farantin a kwandon shara tun a ɗakin tiyata, to alƙali ko kwamitin bincike ba su da hanyar rarrabe lalacewar da ta zo kwatsam da wadda ta shekara tana jira, likitan da ba shi da laifi ba shi da abin wanke kansa, marar lafiyar da ke da haƙƙin diyya kuma ba shi da hujjar nemanta.